Babi na Shida: "Kana Ji Na?"

Me ya sa kiran da ka yi da hantsi ta WhatsApp ya fita tsaf, amma da ka sake kiran mutumin bayan sallar isha'i rabin hirar ta ƙare a "kana ji na?" da "sake faɗa"? Me ya sa wani lokaci kana jin ɗan'uwanka sarai, shi kuwa yana ta "halo, halo" har ya gaji ya kashe? Me ke sa muryarka ta riƙa dawo maka cikin kunne bayan ka rufe baki?

Amsar da aka saba bayarwa ɗaya ce: "Sabis ne." Sau da yawa kuwa sabis ɗin ne. Sai dai wannan amsa ta sa mutane da yawa sun sauya layi, sun ƙara sayen data, wasu ma sun karyar da waya mai lafiya a kasuwa, alhali ƙura ce ta toshe wani ɗan rami a gindin wayar, ko kuwa matsalar tana can hannun wanda suke magana da shi. Tsakanin bakinka da kunnen mai sauraronka akwai wurare uku: wayarka, hanyar da muryar ke bi, da wayarsa. Kowannensu idan ya samu matsala, da irin yadda yake ɓata sauti. Wanda ya iya bambance su da kunne ya san inda zai nufa tun kafin ya taɓa komai.

Yadda murya ke tafiya

A tsohon tsarin tarho, idan ka kira mutum ana keɓe muku hanya ku biyu har ku gama, ko kuna magana ko kun yi shiru. Kiran intanet ba a keɓe masa komai, cikin cunkoson kowa da kowa yake bi. A shekarar 1995 wani kamfanin Isra'ila mai suna VocalTec ya fitar da manhajar da ta bai wa jama'a damar magana daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Skype ya zo a 2003 ya yaɗa abin a duniya, har Microsoft ya saye shi a 2011 a kan dala biliyan 8.5, kafin ya rufe shi a watan Mayun 2025. WhatsApp sai a 2015 ya ƙara kiran murya, na bidiyo ya biyo baya a 2016. Sunaye suna zuwa suna wucewa, amma dabarar ɗaya ce a Zoom da Telegram da IMO da sauransu.

Idan ka yi magana, makirufon waya yana karɓar kaɗawar iskar da muryarka ta haifar. Wayar tana auna wannan kaɗawa sau dubbai a kowace daƙiƙa, tana mai da ita lambobi. Lambobin sun yi yawan da ba za a aika su haka ba, saboda haka wata dabarar lissafi take matse su, ta zubar da abin da kunne ba zai lura da rashinsa ba. Wadda ta fi yaɗuwa a yau sunanta Opus. An tabbatar da ita a 2012, kuma wani ɓangarenta daga injiniyoyin Skype ya fito. Layin tarho na da yana buƙatar ƙwayar bayani 64,000 a daƙiƙa don ɗaukar murya ɗaya. Opus tana iya sauka har 6,000 idan hanya ta yi ƙunci, ta kuma hau idan ta buɗe. Shi ya sa kiran murya ba ya cin data sosai, galibi bai kai megabait ɗaya a minti ba.

Bayan an matse muryar, sai a yanka ta gunduwa-gunduwa. A yawancin tsare-tsare tsawon kowace gunduwa kashi ɗaya ne cikin hamsin na daƙiƙa, wato gunduwa hamsin ke barin wayarka duk daƙiƙa ɗaya.

Ɗauka ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari zai aika kaya Maiduguri. Bai ɗauki shatar mota ba, sai ya raba kayan ƙulli-ƙulli, ya rubuta wa kowanne lamba, ya riƙa sakawa a duk motar da ta tashi daga tasha. Yaronsa a can yana karɓa yana jerawa bisa lamba. Ranar da hanya take lafiya, ƙulli na ɗaya ya iso, na biyu ya biyo shi, na uku ya biyo baya. Wata rana kuwa mota ɗaya za ta daɗe a shingen bincike, wata ta yi faci, ta baya ta wuce ta gaba, wani ƙullin ma ya faɗi a hanya. Haka gunduwoyin murya suke tafiya. Inda aka bambanta shi ne, yaron ɗan kasuwa zai iya jira har gobe ko ya ce a sake aikowa, amma kunnenka ba ya jira. Idan hoto kake saukewa, duk gunduwar da ta ɓace ana sake aiko ta. A kira ba a damuwa da hakan, domin kalmar da ta iso bayan an wuce wurinta ba ta da sauran amfani.

Abubuwa uku da hanya ke yi wa murya

Na farko jinkiri. Alamarsa ita ce ku fara magana lokaci ɗaya, ku yi shiru lokaci ɗaya, ka ce "ci gaba," shi ma ya ce "a'a, ci gaba," ku sake karo. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ba da ma'auni a kan wannan. Idan murya ta isa cikin milisakan 150, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa, yawancin mutane ba sa lura da komai. Idan ta haura milisakan 400, hira ta fara lalacewa. Jinkiri yana da wata illa da ba a cika faɗa ba. Yakan sa ka ga kamar mutum yana katse ka da gangan, ko yana jan ƙafa wajen amsa maka, alhali bai ji ƙarshen maganarka ba tukuna. Wanda ke magana da iyaye ko surukai ya kiyaye wannan: idan ka lura da jinkiri, ka riƙa ɗan dakatawa bayan sun yi shiru kafin ka amsa.

Na biyu rashin isowa a jere. Don maganin wannan, wayar mai karɓa tana ɗan tara gunduwoyi kafin ta fara sakin su, ta yadda wadda ta makara za ta samu ta shiga layinta. Idan rikicin ya yi yawa, sai ka ji shiru na ɗan lokaci, sannan maganganu su zubo da sauri a haɗe, manhajar tana ƙoƙarin cim ma inda aka tsaya.

Na uku ɓacewa. Idan gunduwa ɗaya ta faɗi, manhajar tana kintata abin da ya kamata ya cike gurbin daga sautin da ya gabata, kuma ba za ka taɓa ganewa ba. Idan suka yi ta faɗuwa a jere, kintacen ya gaza. A nan ne murya ke karkarwa, ta yi ƙarfe-ƙarfe, ƙarshen kalmomi ya riƙa guntulewa.

Duk wanda ka ji cikin ukun nan, to hanya ce. Mai gyaran waya ba shi da abin da zai yi maka a kai, kada ka ba shi kuɗinka.

Nisa ko cunkoso?

Mutane sukan ɗauka kiran Landan ko Jidda dole ya fi kiran unguwar gaba wahala saboda nisa. Lissafi bai goyi bayan haka sosai ba. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi da ake kira faiba. Wayar MainOne da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku daga Fotugal zuwa Legas a 2010 tsawonta kimanin kilomita 7,000 ne. Ƙara tafiyar Legas zuwa Kano a kai, duka kimanin milisakan 40 ne. Inda nisa yake cizo da gaske shi ne tsohon tauraron ɗan'adam mai tsayuwa a kilomita 35,786 sama da ƙasa, domin hawa da sauka kaɗai suna cinye kusan milisakan 240. Taurarin Starlink, waɗanda suka fara aiki a Najeriya a farkon 2023, suna yawo ne a kusan kilomita 550, saboda haka jinkirinsu kaɗan ne.

Wani lokaci babbar hanyar ce da kanta take yankewa. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya rikice a Najeriya da Gana da Laberiya da wasu ƙasashen yankin. A irin wannan rana babu abin yi sai haƙuri. Amma irinta ba ta cika zuwa ba.

Mafi yawan wahalar tana ɗan guntun nan ne da ke tsakanin wayarka da ƙarfen sabis na unguwarku. Sandunan da kake gani a saman allo suna nuna ƙarfin siginar da ke iso maka ne kawai, ba sa gaya maka mutum nawa kuke rabawa da su. Da dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya buɗe bidiyo, sanduna za su iya cika fal amma gunduwoyinka suna tsaye a layi. Amsar tambayar da muka fara da ita ke nan: waya ɗaya, wuri ɗaya, amma yawan masu bin hanyar ya sauya. Haka yake faruwa a filin idi da filin ƙwallo, da Mina a kwanakin aikin Hajji.

Harafin da ke kusa da sandunan ya fi su ba da labari. Idan ka ga E, kana kan tsohuwar hanya ce da kiran intanet ke shan wuya a kanta. H ya fi dama, 4G kuwa ya wadatar.

Abin da ke hannunka

Abu na farko, kashe bidiyo. Hoto mai motsi yana cin ninkin-ba-ninkin abin da murya ke ci, kuma da zarar ka sauke shi muryar takan warware nan take. Na biyu, duba abin da wayar ke aikawa a ɓoye. Hanyar fita daga waya ta fi ta shigowa ƙunci, don haka bidiyon da kake ɗorawa a sitatus, ko hotunan da wayar ke kwashewa zuwa ma'ajiyar intanet, sun isa su toshe wa muryarka hanya. A irin wannan hali kai kana ji lafiya lau, wancan ne yake ƙorafi. Idan ka buɗe wa yara ko abokai datarka suna ja, su ma suna cikin lissafi.

Matsa kusa da taga ko ka fito tsakar gida, domin rufin kwano da katangar kankare suna rage sigina. Idan Wi-Fi kake amfani da shi, kusanci na'urar. Idan wayar ta maƙale a E alhali ka san akwai 4G a wurin, kunna alamar jirgin sama ka kashe, za ta sake neman hanya. A saitin WhatsApp, wajen da ake tsara ajiya da data, akwai maɓallin rage cin data a lokacin kira, yana taimakawa a wurin da sabis ke da rauni. Idan VPN a kunne take, ka tuna tana zagayawa da muryarka ta wata ƙasa ne kafin ta kai ta inda za ta.

Abubuwa biyu kuma sukan yanke kira gaba ɗaya. Ɗaya tsarin tattalin batir ne, wanda a wasu wayoyi yake rufe manhaja da zarar allo ya mutu, har ma ya hana kira shigowa sai daga baya ka ga an neme ka. Shiga saitin batir ka cire manhajar kiran daga cikin waɗanda ake takurawa. Ɗayan kuma waya mai layi biyu: a yawancinsu, idan kiran kati ya shigo ta layi na biyu, datar layi na farko tana tsayawa.

Hanya tana da baki biyu, naka da nasa. Hanya mafi sauƙi ta gane wanne ne mai matsala ita ce ka kira mutum na uku a take. Idan muryarsa ta fita tsaf, to ɓangarenka lafiya yake.

Amsa-kuwwa

A nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma kuskuren yana da dalili. Kai ne kake jin muryarka tana dawowa, saboda haka sai ka zargi wayarka. Amma bi sawun muryar ka gani. Ta bar bakinka, ta bi hanya, ta fito ta sifikar wayar abokinka. Makirufonsa yana kusa da sifikar, sai ya sake ɗaukar ta ya aiko maka kamar maganarsa ce. Kafin ta je ta dawo an ɗan ɗauki lokaci, shi ya sa kake jin ta a matsayin amsa-kuwwa. Wanda yake jin kuwwar, ba a wurinsa take tashi ba. Shi kuwa mai haddasa ta ba ya jin komai, zai ma iya rantse maka cewa wayarsa ƙalau take.

Kowace manhajar kira tana da dabarar share wannan. Tana riƙe kwafin abin da ta fitar ta sifika, ta neme shi cikin abin da makirufo ya ɗauko, ta cire. Dabarar tana aiki sosai har sai an fi ƙarfinta: an ƙure ƙarar sifika har tana ɓarɓarwa, ko an ajiye wayar a kan teburin gilashi, ko ɗakin babu labule babu kafet sauti yana ta karo da bango, ko kuma an haɗa wayar da wata babbar sifika. Wani lokaci idan ta rasa yadda za ta yi, sai ta riƙa danne makirufonsa duk lokacin da kake magana. Shi ya sa idan an saka ka a sifika, da ka buɗe baki sai muryar wancan ta ɓace.

Maganin yana hannun wancan ɓangaren, kuma ba ya cin ko kwabo. Ka roƙe shi ya rage ƙara, ko ya cire sifika ya kara wayar a kunne, ko ya saka iyafis. Iyafis ya fi duka, domin sautin yana shiga kunnensa kai tsaye ba tare da ya bi iska ya koma makirufo ba.

A taron mutane da yawa, kamar Zoom na ofis ko kiran dangi, ana gano mai kuwwar cikin sauƙi: shi ne mutum ɗaya da ba ya ƙorafi. A sa kowa ya kashe makirufonsa, a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya, wanda kuwwar ta dawo a kansa shi ne. Ƙarar nan mai tsinin da ke huda kunne kuwa tana tashi ne idan na'urori biyu a ɗaki ɗaya suka shiga taro ɗaya, kowacce tana ɗaukar sautin 'yar'uwarta tana ƙara masa ƙarfi. Ɗaya ce kawai za a bar wa sauti, ɗayar a kashe mata makirufo da sifika duka. Ni a ganina ladabin taro ne ma mutum ya kashe makirufonsa muddin ba shi ke magana ba.

"Ina jin ka, kai ne ba ka ji na"

Idan sauti yana tafiya ta ɓangare ɗaya tsaf, ɗaya ɓangaren shiru ɗif, da wuya hanya ce. Fara da gwajin da ba ya buƙatar intanet: buɗe manhajar naɗar murya ta wayar, yi magana, ka saurara. Idan muryarka ta fito garau, makirufo lafiya yake, matsalar ta saiti ce. Idan ta fito can ƙasa-ƙasa ko a dushe, to makirufon ne.

A ɓangaren saiti, duba alamar makirufo a allon kiran ko an ja mata layi. Kumatu ma yana danna ta. Akwai ɗan ido a saman waya da ke kashe allo idan ka kara ta a kunne, kuma idan ya samu matsala, ko gilashin kariya marar kyau ya rikita shi, allon yakan zauna a kunne fuska ta yi ta danne-danne. Sai batun izini. Tun daga Android 6 da ya fito a 2015, kowace manhaja sai ta nemi izininka kafin ta taɓa makirufo, kuma mutane da yawa sukan danna "a'a" cikin sauri su manta. Shiga saiti, nemi manhajar, ka ba ta izinin. Android 12 ya ƙara wani maɓalli da ke rufe makirufo ga dukkan manhajoji lokaci ɗaya, da ɗigon kore a saman allo da ke nuna ana amfani da shi. A iPhone ɗigon ruwan lemo ne, tun daga 2020. A irin waɗannan wayoyi, idan kana cikin kira ba ka ga ɗigon ba, ka san muryarka ba ta shiga. Haka kuma manhajar naɗar kira ko ta naɗar allo tana iya riƙe makirufon ta hana wata samu.

Idan kuwa makirufon ne, kada ka yi saurin cewa ya mutu. Ɗan ramin nan ne da ke gindin waya kusa da wurin caji, kuma a ƙasarmu ƙurar hunturu da zaren aljihu da maiƙon hannu suna cika shi sannu a hankali. Cire rigar wayar tukuna, domin wasu riguna ba a huda su daidai ramin ba. Sannan ka share shi da busasshen buroshin haƙori mai laushi. Ina roƙon mai karatu da babbar murya kada ya tsokana shi da allura ko tsinken cire sim. A bayan ramin akwai siririn tankaɗe mai tare ƙura da ruwa, idan ka huda shi ka mai da ƙaramin aiki babba. Wayoyi da yawa suna da makirufo na biyu a sama ko a baya, kuma sukan koma kansa idan an saka sifika. Saboda haka idan ana jin ka a sifika amma ba a jin ka idan ka kara a kunne, ka gano wanda ya toshe. Wannan kam aikin mai gyara ne idan sharewa ba ta yi ba, kuma za ka je masa da bayanin da zai hana a yi ta canje-canjen da ba a buƙata.

Idan kai ne ba ka ji

Wayar Android tana raba ƙarar kira da ƙarar waƙa da ta ƙararrawa. Ƙarar kira tana ƙaruwa ne idan ka danna maɓallin gefe kana cikin kiran. Tankaɗen sifikar kunne da ke saman allo shi ma yana toshewa, kuma wannan ne ya fi damun tsofaffi, waɗanda dama jinsu ya ragu. Duk wanda ya je gaishe da mahaifiyarsa ko kakarsa, ya karɓi wayarta ya share mata wurin nan, ya ƙara mata ƙarar kira.

Idan shiru ne gaba ɗaya, tambayi kanka ina sautin ya tafi. Sau da yawa wayar ta haɗu da sifikar Bluetooth da ke wani ɗaki, ko rediyon motar da ke ƙofar gida. Kashe Bluetooth ka gani. Wani lokaci kuma datti ko danshi a ramin iyafis yakan sa wayar ta ɗauka an soka mata iyafis, har alamarsa ta fito a saman allo alhali babu komai a jiki.

Iyafis ma iri-iri ne

Dubi bakin ƙarfen iyafis mai waya. Idan zobba biyu ne a jikinsa, na sauraro ne kawai. Mai zobba uku shi ne mai makirufo. Idan kana jin ƙaras-ƙaras duk lokacin da ka motsa, wayar cikinsa ce ta fara karyewa, galibi a wuyan bakin.

Masu amfani da na Bluetooth sukan yi mamakin yadda waƙa ke fita da daɗi amma da an shiga kira sautin ya siraɗe. Lafiyarsa ƙalau. Bluetooth yana da tsari ɗaya na sauraro mai faɗi, da wani na kira mai ƙunci da yake komawa kansa da zarar an buɗe makirufo. Ga shi kuma makirufonsa yana nesa da baki, yana kwasar hayaniyar gefe. Don kira mai muhimmanci, kamar ganawar neman aiki, iyafis mai waya na ɗan kuɗi kaɗan yakan fi shi.

Janareta, fanka da masu karatu

Manhajojin yanzu suna ƙoƙarin tace hayaniya su bar murya. Sun fi iyawa da ƙara mai tafiya bai ɗaya, irin ta janareta daga nesa. Iskar fanka da ke bugun makirufo kai tsaye ta fi ba su wuya, haka kukan yaro da hirar mutane a gefe. Juya wa fanka baya, kuma ka kusantar da wayar ga bakinka maimakon ka ɗaga murya.

Wannan tacewa tana da ɓarnarta ga wasu mutane, musamman malaman da ke koyar da Alƙur'ani ko harshe ta intanet. An gina ta ne don hira, saboda haka sautin da aka ja shi da tsawo, kamar madda, tana iya ɗaukar sa hayaniya ta rage shi. Idan kuma hanya ta yi ƙunci manhajar ta matse murya, sautuka masu kaifi ne suke fara tafiya. Tsohon tarho yana ɗaukar kaɗawa daga 300 zuwa 3,400 ne kawai a daƙiƙa, shi ya sa "s" da "f" suke rikicewa a cikinsa. Malamin da ke son ya ji yadda ɗalibi ya fitar da harafi daga mafitarsa ba zai yi wasa da wannan ba. A Zoom akwai saitin barin sauti yadda yake, wanda aka tanadar wa masu kiɗa. Malami da ɗalibi su kunna shi, su saka iyafis, su zauna a wuri marar hayaniya, su kashe bidiyo idan sabis ya yi rauni.

A kwamfuta

Matsalar kwamfuta kusan kullum ta zaɓi ce. Tana iya ganin makirufo uku da sifika uku, ta ɗauki wanda ba shi kake nufi ba, misali ta tura sauti zuwa talabijin ko majigin da ka haɗa. A cikin saitin sauti na manhajar, zaɓi na'urar da sunanta. Zoom da Teams duka suna da wurin gwaji da za ka yi magana ka ji kanka. Yi shi minti biyar kafin taro.

Inda gyara ba ya aiki

Akwai ƙasashen da doka ce ta toshe kiran. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa saƙon WhatsApp yana tafiya amma kiransa ba ya shiga a layukan ƙasar, sai manhajoji masu lasisi irin su Botim. Idan ɗan'uwanka yana Dubai kira yana ta ƙoƙarin haɗuwa ba ya haɗuwa, babu laifin wayar kowa. Masu amfani da jabun WhatsApp, irin su GB, su ma su sani kamfanin ba ya tallafa musu, yana ma iya rufe lambar mutum. Shawarata a koma na asali, a kuma riƙa sabunta shi.

Sannan kiran WhatsApp ba ya shiga lambobin gaggawa irin 112. Komai arahar data, a bar layin waya a raye da ɗan kati a ciki saboda ranar larura.

Yanzu da muryar ta fita tsaf, akwai tambayar da ke biyo baya: gunduwoyin nan da ke bi ta na'urorin kamfanoni da ƙasashe daban-daban, wa zai iya buɗe su ya saurara? WhatsApp ya sanar a watan Afrilun 2016 cewa ya kulle saƙonni da kira ta yadda mai aikawa da mai karɓa ne kawai ke da mabuɗi. Babi na gaba zai duba abin da wannan kulle yake karewa da abin da ba ya karewa, da yadda 'yan damfara ke shigowa ta kiran da kai da kanka ka ɗaga.